Shekara ukun nan, a gidan wa za su yi su?



Akwai abin da ya faru da mu gab da faɗuwar damina, mun daɗe muna juya shi, ko mu kawo shi nan ko mu bar shi a tsakaninmu, domin ba abin yabo ba ne a gare mu. Daga ƙarshe muka ga gara mu faɗa, tunda mun san ba mu kaɗai muke yin irinsa ba.

Ɗaya daga cikinmu yana da shagon taki da iri da maganin feshi, yana ba masu ƙananan shaguna na ƙauyuka sari. Harka ta buɗe masa, lissafi ya fi ƙarfin ɗan littafin da yake sakawa a aljihu, sai ya ce mu taya shi neman wanda zai riƙe masa lissafi. Mu biyar muka zauna muka rubuta sanarwa: ana son mai HND ko digiri a fannin akanta ko kasuwanci, mai amana, wanda ya iya kwamfuta. A layin ƙarshe muka ƙara da cewa dole ya kasance ya yi aƙalla shekara uku yana irin wannan aiki. Babu wanda ya kawo shawarar layin nan har aka tattauna a kansa. Mun saba ganinsa a kowace sanarwa ne, shi ya sa muka rubuta.

Cikin kwana goma takardu 43 suka shigo, a kan gurbi ɗaya, da albashin da mu kanmu mun san bai taka kara ya karya ba. Muka baje su a tabarma muka fara tacewa. Ba mu tsaya karanta kowace ba, ido kawai muke kaiwa wurin da aka rubuta inda mutum ya taɓa aiki. Wanda bai cika shekara uku ba, mu tura gefe. Kafin shayi ya huce mun gama. Shida suka tsallake, 37 suka koma cikin leda. Muka tashi muna jin mun yi aiki da tsari, ba sani ba sabo.

Bayan kwana biyu, wani yaro ya tare ɗaya daga cikinmu a ƙofar gida bayan magariba. Ɗan abokinmu ne, tela, wanda ya rasu shekaru da suka wuce. A gabanmu aka haifi yaron nan, mun ci naman sunansa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce, “Baffa, na ji an ware takardata.” Aka ce masa, “Haka ne, ɗana. Ba don komai ba, sharaɗin ne ba ka cika ba.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ba roƙo na zo yi ba, Baffa, tambaya ce da ni. Wuri na goma sha ɗaya ke nan ana ce mini sai na yi shekara uku ina aiki. To shekara ukun nan a gidan wa zan yi su, tunda kowa cewa yake sai na yi su a wani wuri kafin in zo wurinsa?” Wanda aka yi wa tambayar ya ce bai san lokacin da ya ce masa “Allah ya sa mu dace” ya shige gida ba. Washegari ya kawo mana tambayar kamar yadda aka yi masa ita, mu ma muka rasa amsa.

Sai muka zauna muka lissafa shekarun yaron da yatsu. A ƙarshen watan Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shigo Mubi, yana ajin ƙarshe na sakandare. Kowa a nan ya tuna yadda aka fita, wasu a ƙafa ta kan duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola. An ƙwato garin a watan Nuwamba, amma komawar mutane da buɗe makarantu da dawowar bankuna sun ɗauki lokaci. Shi shekarar karatu guda ta salwanta masa a nan, wata kuma ta tafi wajen neman kuɗin jarrabawa, domin keken ɗinkin mahaifinsa da kayan shago duk babu. Da ya samu shiga Foli, ya yi shekara biyu na ND, ya yi shekarar koyon aiki da ake bukata kafin HND, korona ta 2020 ta cinye wani ɓangare nata, ya koma ya yi shekara biyu na HND, ya jira kiran bautar ƙasa, ya yi shekara guda yana koyarwa a wata makarantar ƙauye a wata jiha. Ranar da ya karɓi takardar kammala bautar ƙasa yana da shekara 28.

Ku duba sanarwar neman ma'aikata da ake turowa a wayoyinmu. Da yawa daga cikin na bankuna da manyan kamfanoni cewa suke kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Waɗanda ba su sa iyakar shekaru ba, su ne ke neman gogewar shekara biyu zuwa biyar. Ke nan yaron nan ya tsufa ga na farko, ya yi ƙuruciya ga na biyu. Bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, bai taɓa maimaita aji ba. Abin da ya ci shekarunsa, mu da shi ya ci, a idonmu aka yi. Amma da muka zo rubuta sharaɗi, sai muka rubuta shi kamar yaron ya taso a garin da ba a taɓa rufe makaranta ko yini ɗaya ba.

Mubi gari ne na makarantu, wannan abin alfahari ne a gare mu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya an kafa ta a 1979 a Yola, aka dawo da ita nan a 1982. Jami'ar Jihar Adamawa an kafa ta a nan a 2002. Ga kwalejin fasahar kiwon lafiya. Duk shekara ana yaye ɗalibai, ana ɗinka anko, ana ɗaukar hoto da hula mai tunku. Amma wa ke ɗaukar ma'aikata a garin? Ƙananan hukumomi biyu, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, da makarantu, da asibitoci, da 'yan rassan bankuna, da ƙungiyoyin agaji da suka shigo bayan rikici. Ba mu da manyan masana'antun da za su kwashi ɗaruruwan matasa lokaci guda su horar da su. Gwamnati ba kullum take buɗe gurbi ba, ƙungiyoyin agaji kuma galibi wanda ya taɓa aiki da irinsu suke so. In an cire waɗannan, ragowar masu ɗaukar aiki a Mubi mu ne: masu shaguna, masu kemis, masu makarantun kuɗi, masu gidan mai, masu gidan burodi, masu sito, masu motoci, 'yan kwangila. Mun saba nuna Abuja da Yola da yatsa in ana maganar rashin aiki. Laifi tudu ne, an ce, ka taka naka ka hango na wani.

Ba za mu ce masu neman gogewa ba su da hujja ba, tunda mu ma muna cikinsu. Mai shagon takin nan jarinsa duka yana cikin sito ɗaya, kuma rabinsa bashi ne. In aka yi kuskuren sifili ɗaya a littafi, ribar damina ce ta tafi. Kusan kowa a cikinmu ya taɓa ɗaukar mai kwali ya tarar bai iya rubuta wasiƙa mai layi biyar ba, ko ya rubuta ya iya kwamfuta, da aka zaunar da shi gabanta sai ya fara zufa. Akwai kuma wanda za ka sha wahala ka koya masa aiki, ranar da hannunsa ya faɗa ranar zai yi maka sallama ya koma inda aka ƙara masa dubu biyar. Duk wannan gaskiya ne. Amma da muka tambayi kanmu ko waɗannan ne suka sa muka rubuta layin nan, sai muka ga ba su ba ne. Mun rubuta shi ne don kada mu wahala da karanta takardu 43. Rariya muke nema, ta rage mana aiki, ba mu damu da abin da zai bi ruwa ba.

A zaman ne wani dattijo a cikinmu ya ce kowa ya faɗi yadda ya fara. Shi ya ce yana ɗan shekara 19 wani Alhaji a babbar kasuwa ya miƙa masa mabuɗin shago ya tafi Kano sari, a lokacin bai san bambancin yadi da bandir ba. Makon farko ya sayar da atamfa ƙasa da kuɗin sari, Alhajin ya dawo ya yi masa faɗa kamar zai cinye shi, washegari kuma ya sake ba shi mabuɗin. Malamin makarantar da ke cikinmu ya ce ranar da ya fara shiga aji alli sau uku yana karyewa a hannunsa don rawar jiki, hedimasta ya tsaya a taga yana kallo, bayan an tashi ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake shirya darasi. Mai shagon takin kansa ya ce shekara shida ya yi yana ɗaukar buhu yana share shagon wani kafin a sallame shi da jari. Muka zaga mu biyar, ba a samu ko ɗaya da ya fara da gogewa ba. Kowannenmu akwai wanda ya yarda ya yi asara a kansa kafin ya iya. Wasu daga cikin mutanen nan sun rasu, ba mu taɓa zama mun lissafa abin da muka ɓata musu ba.

Abin mamaki shi ne kasuwa har yau ba ta daina wannan ba. Je ka garejin makanikai, ko wurin masu walda, ko shagon tela, ko wajen masu gyaran waya. Uba zai riƙo hannun ɗansa ya kawo, ubangida ya karɓa, babu mai tambayar inda yaro ya taɓa aiki, domin kowa ya san don ya koya aka kawo shi. 'Yan uwanmu Ibo da ke kasuwanci a garin nan haka suke yi, yaro ya yi shekaru a shago, a sallame shi ya buɗe nasa. A Jamus ma, ƙasar da ake misali da ita wajen sana'a, matashi yana raba lokacinsa ne tsakanin makarantar koyon sana'a da kamfanin da ya ɗauke shi, ana biyansa ɗan wani abu yana koyo. To mu da muke karɓar yaron da bai gama firamare ba mu yi haƙuri da shi shekara biyar, me ya sa in ya zo da kwali sai mu ce dole ya zo a dafe?

Gwamnati ta daɗe da gane wannan giɓi tsakanin aji da wurin aiki. Asusun horar da ma'aikata na ITF an kafa shi a 1971, shi ya ɓullo da shirin SIWES da ake tura ɗalibai wuraren aiki su yi watanni suna koyo. Bautar ƙasa an fara ta a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon. A takarda, yaron da ya yi ND da HND ya bi ta SIWES, ya yi shekarar koyon aiki, ya yi shekarar bautar ƙasa. In aka haɗa, ya fi shekara biyu yana wurin aiki. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yaya muke yi da su in an turo mana su? Ɗaliba za ta zo da wasiƙar makaranta, mu ce ba gurbi. In an haɗa mu da wanda muke jin nauyinsa, mu karɓa, mu ajiye ta a benci, ta zama mai sayo abincin rana da kati. Wani ma cewa muke ya tafi gida, ƙarshen wata shida ya kawo littafinsa mu sa hannu mu buga hatimi. Muna ganin taimako muka yi masa. Bayan shekara uku ya dawo neman aiki, mu ce bai iya komai ba. Ɗan bautar ƙasa kuma, ko injiniya ne ko akanta, galibi aji ake tura shi, ya dawo mu ce koyarwa ba gogewa ba ce a fanninsa.

Da aka ɓullo da N-Power a 2016, ana biyan masu digiri naira 30,000 a wata, yara da yawa a unguwanninmu sun shiga, sun koyar a firamare, sun yi aiki a ƙananan asibitoci. A 2020 aka sallami rukuni na farko da na biyu. Wasu sun yi kusan shekara huɗu a aji, amma kaɗan daga cikinmu masu makarantun kuɗi ne suka ɗauki wannan a matsayin aikin da mutum ya yi. Alƙaluma ma ba sa ganin yaran nan yadda muke ganinsu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. A 2023 ta sauya yadda take ƙirga, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ya zama mai aiki, sai adadin ya sauko ya koma wajen kashi 4 zuwa 5. Ɗan abokinmu da ke karɓar keke napep ɗin maƙwabci da yamma ya yi 'yan sawu, a wancan lissafi yana da aiki. A gidansu kuwa mahaifiyarsa ce har yanzu ke auno masara.

In ƙofa ta rufe, mutum ba ya zama, wata hanyar yake nema, kuma ba kowace ce mai kyau ba. Mun san yarinyar da ta karanta aikin gwaje-gwajen asibiti, aka ce ta je ta yi sa-kai don ta samu gogewa. Shekara biyu ta yi a wani wuri ba a biyanta ko kuɗin mota, kuma bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin napep ya ninka, yayanta ne ke biya. Da ta zo tafiya ta nemi takardar shaidar ta yi aiki, aka ce ai ba ma'aikaciya ba ce. Sa-kai sai wanda gidansu ke iya ciyar da shi. Mun san gidan da aka sayar da shanu biyu aka ba wani da ya ce yana da hanya a Abuja, ya kawo takardar ɗaukar aiki mai tambari, yaro ya ɗinka kaya ya tafi, a ƙofar ofis aka ce masa ta bogi ce. Mun san waɗanda suka rubuta sunan kamfanin da bai taɓa wanzuwa ba a CV, domin mun koya musu cewa mai faɗin gaskiya leda ake tura shi. Ba mu manta da watan Maris na 2014 ba, da matasa suka mutu a turmutsitsin jarrabawar neman aikin shige da fice a filayen wasa na ƙasar nan. Duk inda gurbi ya yi kaɗan masu nema suka yi yawa, akwai mai cin kasuwa da wahalarsu.

Muka aika aka kira ɗan abokinmu. Muka ce, “Ɗana, ban da makaranta, ba ka taɓa yin wani abu ba?” Ya ce, “Babu, Baffa, sai dai taimakon Kawu a Tike.” Kawun nasa dillalin shanu ne, kuma duk wanda ya san kasuwar shanu ta Mubi ya san ba wurin wasa ba ce. Fatake na kawo dabbobi daga Kamaru da Chadi, tireloli na lodi zuwa kudu, kuɗi masu nauyi na wucewa hannu zuwa hannu cikin yini ɗaya. Muka ce wane irin taimako? Ashe tun yana ɗan shekara 15, duk ranar kasuwa in ba ya makaranta, shi ke riƙe wa kawun littafi: wa ya kawo shanu nawa, nawa aka sayar, nawa ne la'ada, nawa kuɗin lodi da na mota da haraji, wa ya biya rabi, wa ake bi. Yana juya sefa zuwa naira da ka. Yana ciniki da Fulatanci da Hausa, yana rubuta rasit da Turanci. Muka ce me ya sa ba ka rubuta wannan a takardarka ba? Ya ce, “Ai wannan ba aiki ba ne, Baffa. Babu ofis, babu albashi.” Muka dubi juna. Mun tura yaro cikin leda don bai yi shekara uku ba, alhali ya fi shekara goma yana lissafin da ya ninka na shagon takin. Kuma ba shi ya ƙirƙiri ra'ayin cewa aiki sai mai tebur da fanka ba, a bakinmu ya ji.

Sai muka fito da ledar nan muka kira kowa, har da shidan farko. 31 suka zo. Mai shagon ya kwafo shafi uku daga tsohon littafinsa, ya goge sunayen masu bashi, muka dasa kurakurai biyar a ciki: buhun da aka fitar daga sito ba a rubuta ba, bashin da aka shigar sau biyu, jimillar da ba ta yi daidai ba, da irinsu. Muka aro aji a makarantar ɗaya daga cikinmu ranar Asabar, muka ba kowa awa ɗaya ya nemo kurakuran, ya faɗi nawa ya kamata a samu a aljihun tebur a ƙarshen yini. Bayan haka kowa ya zauna gaban kwamfuta minti goma ya shigar da layi ashirin. Abin da ya ci mana, kuɗin kwafi da ruwan leda da yini guda. Ba za mu ɓoye ba, akwai waɗanda suka miƙo takarda ba su gano ko kuskure ɗaya ba, kuma a cikinsu har da masu shekara uku a rubuce. Akwai kuma waɗanda suka ba mu mamaki.

Ɗan abokinmu bai zo na ɗaya ba. Ya gano kurakurai huɗu, amma hannunsa a kwamfuta da nauyi. Wadda ta zo ta ɗaya wata yarinya ce da babu wanda ya san iyayenta a cikinmu, takardarta ma a cikin leda take tun ranar farko. Ta gano duka biyar, ta kuma nuna na shida da ba mu muka dasa ba, kuskuren mai shagon ne na gaske tun bara. Da aka tambaye ta, ta ce ita ke riƙe littafin adashen matan unguwarsu, ta kuma yi shekara tana zaman POS. Ita ma ba ta rubuta ko ɗaya a takardarta ba. Aka ɗauke ta gwaji na wata uku da albashi, yanzu ta zauna daram. Faɗa wa ɗan abokinmu sakamakon ya yi mana nauyi. Ya ce, “Ba komai, Baffa. Wannan karon na san abin da ya kayar da ni.” Kawunsa ya sa an rubuta masa takardar shaidar shekarun da ya yi yana riƙe littafi, shugaban dillalansu ya sa hannu. Wani a cikinmu ya ba shi aron kwamfuta yana koyo da dare. Har yau da muke rubutun nan bai samu aiki ba, yana nan yana jan napep da yamma.

Saboda haka muke magana da ku da ke da wurin da ake ɗaukar ko da mutum ɗaya ne. Ba mu ce a ɗauki wanda bai iya ba don tausayi, jarin mutum ba sadaka ba ne. Cewa muka yi kafin ka rubuta shekara uku, ka tambayi kanka ko aikin nan da gaske yana bukatarsu, ko wata uku da haƙuri sun isa. Ka gwada mutum da aikin da zai yi, ka gani da idonka. In ka karɓi ɗalibin SIWES ko ɗan bautar ƙasa, ka ba shi aiki na gaske, ka sa wani ya riƙa duba shi, kada ka sa hannu a littafin da ba a yi abin da ke ciki ba. In yarinya ta yi maka sa-kai, ka biya mata kuɗin mota, ranar tafiyarta ka ba ta takarda mai kwanan wata da bayanin abin da ta yi da lambar da za a kira ka. Takarda ɗaya ce, ba ta kai kuɗin faranti ɗaya na shinkafa ba. In kuma wanda ka koya wa aiki ya tafi inda ya fi, ka tuna kai ma ka bar shagon wani.

Ku kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu, kada ku raina abin da hannunku ya taɓa. Littafin adashe, zaman POS, lissafin sito, ajin yamma da kuke koyar da yaran unguwa, gonar da kuka kula da ita tun daga shuka har kai amfani kasuwa, duk ku rubuta, da shekara, da adadi, da sunan wanda zai ba da shaida. Ku nemi takardar shaida tun mai bayarwa yana raye, tun bai manta da ku ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku rubuta abin da ba ku yi ba, garin nan ƙarami ne, waya ɗaya ake bugawa asiri ya tonu. In kun ce kun iya kwamfuta, ku tabbata kun iya. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku aiki, ku zo ku faɗa wa manya kafin a sayar da akuya ko ɗaya.

Mun ɗauki mutum ɗaya cikin 43, sauran 42 suna nan, muna haɗuwa da su a hanya suna gaishe mu. Mu biyar mun yi alkawari a tsakaninmu cewa bana kowa zai karɓi sabon mai kwali ɗaya a wurinsa na aƙalla wata shida, da ɗan abin sabulu, da takardar shaida a ƙarshe. Biyar ba yawa ba ne. Amma in ka bi daga Lokuwa zuwa Kolere, daga Sabon Gari zuwa Wuro Gude, ka ƙirga shaguna da makarantu da kemis da garejoji, ka san ba biyar ba ne. Duk mai wurin da zai iya karɓar yaro ɗaya, ya sanar da shugabannin ƙungiya, akwai sunaye a hannu, har da na wani yaro da ya iya lissafin Tike.

Allah ya jiƙan waɗanda suka ba mu mabuɗi ba mu iya komai ba, ya kuma buɗa wa yaranmu.